Daga turke zuwa tukunyar suya: yadda za a yi hidimar Babbar Sallah ba a jigata ba

Yawancin wahalar Babbar Sallah daga wuri guda take tasowa, wato barin komai sai jajibiri. Ranar nan maigida yana kara yana ciniki, uwargida tana layin kitso, yara sun yi zaman dirshan a shagon tela, mai markaɗe kuma ya ce ba wuta. Aikin da ya kamata a yi shi a tsanake cikin kwana ashirin shi ake so a cusa a yini ɗaya. Da watan Zulƙida ya kama, lokacin lissafi ya yi.

A fara da ɗinki, don shi ne ba ya hannunka. Yadi ya isa wurin tela wata guda kafin Sallah, shadda mai aiki ma fiye da haka, tunda sai ta bi hannu biyu, na mai ɗinki da na mai aiki. A ba da rabin kuɗi, a tsayar da ranar karɓa mako guda kafin Idi domin a sami damar gyara. Yara a kai su a auna su, kada a tura rigar bara a ce a yi daidai da ita. Kitso da lalle a gama su ranar 7 ko 8 ga Zulhajji, markaɗe da itace ko gawayi ma haka.

Sai rago. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, ba gasa ba ce da maƙwabci, kuma tun da can aka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ka yanke abin da za ka kashe tun kana gida, ka ware kuɗin mota da la'adar dillali da abincin dabba da ladan mahauci a ciki. Balami da uda sun fi girma da tsada, amma 'yankasa mai ƙiba ya ishi ƙaramin gida. Wanda yake kusa da manyan kasuwanni, irin su Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a ko Mai'aduwa ranar Lahadi, yakan fi samun sauƙi a kan wanda ya tsaya a bakin titin unguwa. Jiran yammacin jajibiri da fatan farashi zai karye caca ce: wata shekarar a dace, wata kuma a tarar da ragowar da kowa ya tsallake.

A mazhabar Malikiyya rago ko tunkiya sai sun cika shekara, akuya ta cika shekara ta shiga ta biyu, sa ya cika uku, raƙumi biyar. Mai ido ɗaya, da gurgu, da marar lafiya, da ramamme ba sa isarwa, haka wanda ƙahonsa ya karye yana jini. Buɗe bakinsa ka duba: idan manyan haƙora biyu sun fito a tsakiyar na ƙasa, ya haura shekara. Kada girman ciki ya ruɗe ka, domin akwai masu ɗura wa dabba ruwan gishiri ko na kanwa ta yi ta shan ruwa har ta cika ido. Ɗora hannu a gadon bayansa da gindin wutsiya. In yatsunka suna ƙirga ƙashi ɗaya bayan ɗaya, gashi ne kawai za ka saya. Sa a ja shi ya yi tafiya a gabanka, ka dubi hanci ko yana majina, ka dubi bayansa ko akwai alamar zawo.

Ragon da aka kawo gida lafiya lau yakan mutu a turke saboda gata. Yara suna murna, kowa ya zo da dawa ko ragowar tuwo ya zuba masa, cikinsa bai saba ba, kafin asuba ya kumbura. A tambayi mai shi abin da yake ci, a ci gaba da shi: harawa, dusa kaɗan da aka jiƙa, ruwa mai tsabta, inuwa. A tsince leda a tsakar gida. Idan ya nuna rashin lafiya a kira malamin dabbobi, a kuma tambaye shi kwana nawa za a jira bayan allura kafin naman ya ciwu. Daren Sallah a ɗauke masa abinci a bar masa ruwa, tumbi zai fi sauƙin wanki.

A 'yan kwanakin nan ne yara suke samun rabonsu na Sallah tun kafin ta zo: su yi wa ragon wanka, su raɗa masa suna, su kira 'yan layi su zo su ga ƙaho. A bar su, sai dai babba ya riƙe igiya.

Ba a yanka sai liman ya yanka tasa, kuma akwai sarari har faɗuwar ranar 12 ga wata, da rana. Wannan sararin mutane suke mantawa da shi, shi ya sa ake kokawa a kan mahauta ranar farko. A yi magana da mahauci tun da sauran mako, a yanke ladansa da kuɗi, domin ba a biyansa da naman layya ko fatarta, ba a kuma sayar da su. Wuƙaƙe biyu a wasa su tun dare, ba a gaban dabba ba. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya don jini da abin da ke cikin tumbi, a rufe shi da an gama. Fata a shimfiɗa ta, a barbaɗa gishiri a ɓangaren nama in ba za a bayar da ita nan take ba.

Abin da ya fi saurin lalacewa shi ake fara yi. Kayan ciki su shiga tukunya a ranar, bayan an wanke tumbi da hanji a wani bokiti daban, nesa da tsokar nama. Wajen cire matsarmama daga hanta a bi a hankali, in ta fashe ɗaci ya gama da hantar. Hantar nan kuwa ita ce daɗin ranar: a gasa ta a kan garwashi da ɗan gishiri da yaji, a fara miƙa wa maigida, wanda wataƙila bai sa komai a baki ba tun safe yana jiran layyarsa, sannan yara su yi layi. Kai da ƙafa a babbake su kafin magariba.

Gangar jiki a rataye ta a inuwa, inda iska take ratsawa, a lulluɓe da gidan sauro ko farin ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara nama mai ɗumi a roba ko leda a rufe. Zafinsa ba ya fita, tsakiyar tarin ya canza launi ya fara wari tun kafin dare. A 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, don haka in daren yana da zafi kada a bar ɗanyen nama ya kwana haka, a tafasa shi da gishiri. A Nijar da yawa sukan soke ragon a sanduna a jera kewaye da wuta ya gasu a hankali, wannan ma hanya ce mai kyau ga wanda yake da fili da itace.

Ragon da ya kai kilo 40 a raye, abin da za a samu bayan fiɗa bai cika wuce kilo 18 zuwa 20 ba har da ƙashi. Da wannan a ka za a yi rabo, kuma a yi shi da wuri: na maƙwabta da mabuƙata da surukai a fitar tun naman yana sabo, a rubuta sunaye a takarda don kada a tuna da gwaggo sai an ga gindin tukunya. Yara su ne 'yan aike, kuma a nan suke tara goron Sallah, don haka a tanadi ƙananan kuɗi na yaran da wasu za su aiko maka.

Suyar da za ta yi wata biyu tana da ƙa'ida. A yanka naman daidai wa daida, a sa gishiri kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi ga kowane kilo, da citta da tafarnuwa da masoro, a tafasa da ruwa kaɗan har ya tsotse. A narkar da kitsen ragon a tace, a ƙara man gyaɗa in bai isa ba. A soya kaɗan-kaɗan a matsakaiciyar wuta. Wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ruwa a ciki, ruwan nan kuma shi ne ke kawo funfuna bayan mako. Alamar ya yi ita ce kumfar mai ta kwanta, ƙarar suya ta ragu, in an ɓara tsoka a ga cikinta a bushe. A baza a faranti ko kwando ya huce sarai kafin a rufe, domin zuba shi da zafi a kula yana sa gumi. Duk bayan kwana uku ko huɗu a juye a duba, in ya yi laushi a sake ɗumama shi a mai. Mai firji kada ya dogara da wuta: a ƙulla naman a ƙananan ledoji na girki ɗaya-ɗaya, kuma in an ɗauke wuta a daina buɗewa.

Aikin suya ba na mutum ɗaya ba ne. A raba shi, wani yanka, wani wuta, wani wanke-wanke, maza su ɗauki sara da babbaka. Gidan da ya gama da la'asar ɗin rana ta biyu, a Kano, zai iya kai yara kallon Hawan Daushe in an yi shi a shekarar, kowa da ɗan ƙullin soyayyen nama a aljihu.