Yadda Ake Hasashen Abin Da Zai Faru A Kashi Na Gaba Na Fim Ɗin Kimiyya

A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, da zarar wani fim ɗin kimiyya ya ƙare da alamar akwai ci gaba, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce bos ɗin uban jarumi ne, wancan ya ce yarinyar ce za ta ci amana. Na shekara da shekaru ina jin irin wannan kintace, kuma kusan duk masu faɗuwa wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Mataki na farko, wanda ya fi komai muhimmanci: nemi fim ɗin na asali. Kada ka gina hasashe a kan fassarar Hausa kaɗai. Ina son fassara, da ita da yawanmu muka fara, amma mai fassara nishaɗi yake sayarwa. Yakan ƙara barkwanci, ya sauya wa mutane suna, ya cike wurin da aka yi shiru da maganar da babu ita. Ni wannan ne ya kayar da ni. Na taɓa kwashe wata uku ina kare wani hasashe saboda na ji tsohon cikin fim ya kira jarumi "ɗana". Na tara hujjoji, na shawo kan abokaina biyu. Ranar da na samu na asali sai na tarar tsohon bai ce uffan ba a wurin, kallonsa kawai ya yi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin shirun nan shi ne alamar da darakta ya ajiye, fassara ta binne ta. Saboda haka ka ce wa mai tura fina-finai ya sa maka duka biyun. Kuɗin turawa bai kai na datar da za ka ƙone wajen saukewa ba. In Turancin ya yi maka sauri, kunna rubutun ƙasan allo, ka riƙa tsayarwa.

Na biyu, kalle shi sau biyu, na biyun da biro a hannu. Rubuta duk tambayar da aka buɗe ba a rufe ba. A Star Wars na 1980, bayan jarumi Luke ya tafi, malaminsa Yoda ya nuna cewa akwai wani da za a sa wa rai bayan shi. Aka bar maganar a haka. Sai a fim ɗin 1983 aka bayyana Leia 'yar'uwar Luke ce. Irin wannan ƙofa da aka bari a buɗe ita ce jarinka. A ƙa'idata, hasashen da ba shi da alama biyu daga cikin fim ɗin kansa ba na sauraronsa.

Na uku, raba abin da kake so da abin da ka gani. Don kana ƙaunar wata jaruma ba shi zai hana marubuci kashe ta ba. Tambayi kanka: wace matsala wannan juyi zai warware wa mai labarin? In babu, to burinka ne kawai.

Sai maganar mutuwa. In ba a nuna maka gawa ba, kada ka yi zaman makoki. Palpatine, mugun sarkin Star Wars, an jefa shi rami a fim ɗin 1983, ya dawo a fim ɗin 2019, bayan shekara 36. Darth Maul ma, wani mugun na Star Wars da aka raba shi biyu a fim ɗin 1999, ya sake bayyana.

Tallan fim kuwa, riƙe shi da hannu bibbiyu amma kada ka rantse da shi. A tallan Avengers na 2018 an nuna Hulk yana gudu cikin rundunar Wakanda, da fim ya fito babu wannan wurin.

In labarin daga littafi aka ɗauko shi, nemi littafin ko taƙaitawarsa. Dune na Frank Herbert ya fito a 1965, ci gabansa Dune Messiah a 1969, don haka hanya a shimfiɗe take. Sai dai a fim ɗin Dune na 2024 Chani ta juya wa masoyinta, jarumi Paul, baya ta tafi, alhali a littafi tana tare da shi. Daidai inda darakta ya kauce wa littafi, nan za ka zuba ido.

Daga nan rubuta hasashenka a jimla ɗaya, takamaimai, ka sa kwanan wata, ka tura wa aboki ta WhatsApp tun kafin fim ya fito. Kar hasashen ya wuce guda uku. Wanda kuma ya riga kowa kallo, ya ja bakinsa har sauran 'yan majalisa su gani.