Darasi na 9: Audu Bakanike Ya Bar Giya

Audu bakanike ne a Sabon Garin Zariya. Shekara 11 ya yi yana shan giya. Da farko kwalba ɗaya ce bayan an tashi aiki. Daga baya, in bai sha da safe ba, hannunsa rawa yake yi, ko sifana ba ya iya riƙewa.

Ranar da ya yi niyyar bari, sai ya kulle kansa a ɗaki. A kwana na biyu gumi ya rufe shi, yana karkarwa, yana ganin abubuwan da babu su. Maƙwabta suka ce iska ce. Yayansa ya ce, "Audu, tashi mu tafi Shika." Suka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello.

Ku kula da nan sosai, don rai ake magana. Wanda ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya riga ya saba. In ya yanke lokaci guda, karkarwa kan fara cikin awa 6 zuwa 24. Kwana na biyu da na uku sun fi haɗari: jijjiga irin ta farfaɗiya, ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. A asibiti likita yakan ba da maganin da ke kwantar da jijiyoyi, da bitamin B1, sannan ya rage maganin kaɗan-kaɗan. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti.

Bayan wata 10 Audu ya koma sha sau ɗaya, ranar da ya haɗu da tsoffin abokai. Bai ɓoye ba. Ya gaya wa yayansa, ya canza hanyar komawa gida.

Da ya cika shekara 3 bai sha ba, ya samu horo kan ba mashaya shawara. Yanzu matasa kan same shi a gareji bayan La'asar. Ba ya gori, ba ya kai maganarsu waje. Yakan ce, "Ƙanena, fara da yau. Gobe ka dawo ka gaya mini yadda ka kwana." Wanda ya ga hannunsa na rawa kuwa, ba ya tsayawa dogon bayani, asibiti yake raka shi.

Aiki: Me ya sa kulle kai a ɗaki yake da haɗari? Rubuta amsar a layi biyu. Sannan rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku.