Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen kodin hirar masu kallon fina-finan Koriya

Na gaji da rubuta gyara iri ɗaya a gefen takardun ɗalibai, shi ya sa na ga gara in tattara shi wuri guda. 'Yan shekarun nan ana yawan ɗaukar masu kallon fina-finan Koriya da masu bin mawaƙan ƙasar a matsayin batun bincike, kuma galibi hirarrakin suna yin kyau, domin mutum yana sakin jiki in ana maganar abin da yake so. Inda aikin ke lalacewa shi ne matakin da ɗalibai ke kira kodin: a zauna da rubutacciyar hira, a bi ta layi-layi, duk guntun maganar da ke ɗauke da wata ma'ana a sa mata ɗan gajeren laƙabi, daga baya a haɗa laƙubban da suka danganci juna su zama jigo. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan ne kowa ke neman hanyar yanke.

Mafi munin hanyoyin yanken shi ne shigowa da laƙabi a aljihu tun ba a karanta hirar ba. Ɗalibi ya gama babi na biyu, kansa cike da ra'in kusancin al'ada da Joseph Straubhaar ya yi bayani a 1991, wanda ke cewa masu kallo sun fi karkata ga shirin da ya yi kama da rayuwarsu. Ya kuma karanta abin da Brian Larkin ya rubuta a 1997 kan yadda Hausawan Kano suka rungumi fina-finan Indiya. Dukansu ayyuka ne masu daraja. To amma daga nan duk wadda ta ambaci kunya, ko girmama manya, ko suturar da ba ta nuna tsiraici, sai ya buga mata hatimin "kusancin al'ada" ya wuce. Kafin ya kai hira ta biyar ya daina karatu, farautar kalmomi kawai yake yi.

Wannan kuskuren ya taɓa cinye min babi guda cur, shi ya sa ba na yi masa sassauci. Na yi hira da mata masu kallon waɗannan fina-finai, na tara maganganu birjik a ƙarƙashin wancan laƙabi, na gina rubutuna a kansa. Sai wata abokiyar aiki ta ce in fitar mata da duk maganganun a jere, ba tare da sharhina ba. Da muka karanta su ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi mutane daban-daban ne ke faɗin abubuwa daban-daban. Wata matar aure abin da take nufi shi ne tana iya kunna fim a falo, ga yara ga dangin miji, ba sai ta riƙe rimot tana jiran inda za ta tsallake ba. Maganarta a kan waɗanda ke zaune a ɗakin take. Wata ɗaliba kuwa da dare take kallo a waya, da abin sauti a kunne, kuma abin da ya riƙe ta shi ne namijin da ke shiga kicin ya yi girki, ya nemi shawarar mace, ya ba da haƙuri in ya yi laifi. Ta faɗa min baro-baro cewa tana so ne don ba ta saba ganin haka ba. Wato nisa ne ya ja ta, ni kuma na rubuta kusanci. Ga kuma maganganun da na bari ba laƙabi don ba su da mazauni a ra'in: yadda ake yawan shan soju, wato giyar Koriya, a fina-finan, da gasa naman alade a teburi, da yadda mai kallo Musulma ke kawar da kai ko ta tura gaba ta ci gaba da kallonta. A nan ne ainihin binciken yake, na bar shi a ƙasa. Abin da na yi daidai yake da mai awon da ya zuba gero da dawa da masara a buhu ɗaya ya rubuta "hatsi" a jiki: bai yi ƙarya ba, amma ranar da za a yi fura buhun ba shi da amfani.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ya sa ku yi taka-tsantsan da zancen kunya. Sau da yawa ita ce amsar farko, amsar da yarinya ke bai wa baƙo mai rikoda da takarda a hannu. Ba na cewa ƙarya take yi, sai dai abin da ta faɗa a minti na uku da abin da ta faɗa bayan rabin awa, da ta fara dariya, ba nauyinsu ɗaya ba. Don haka duk guntun da na sa wa laƙabi nakan duba tambayar da ta haifar da shi. Idan ni ne na ce mata "ko don suna da kunya ne kike so?" ita kuma ta ce "e", to wannan maganata ce, ba na ƙirga ta.

Ga yadda nake yi yanzu. Zagayen farko nakan rufe littattafan ra'i gaba ɗaya, in buga hirarraki uku ko huɗu a takarda mai faɗin gefe, in ɗauki fensir. Laƙabin nakan ciro shi daga bakin mai maganar, kuma ina son ya ƙunshi aiki: "ɓoye kallo daga yaya", "tura gaba a wurin shan giya", "jiran a fassara kashi na gaba", "kwatanta jarumi da saurayinta". Masaniyar dabarun bincike Kathy Charmaz ta daɗe tana ba da shawarar sa laƙabi mai nuna aiki, kuma na ga amfaninsa da idona. Duk sabon guntu nakan gwada shi da waɗanda suka riga shi shiga laƙabin, dabarar kwatance da masana zamantakewa Glaser da Strauss suka kawo tun 1967. Sai a zagaye na biyu ra'i ke shigowa, shi ma sai ya nuna ya dace. Na san akwai masu farawa da laƙubban da suka tsara daga ra'i, kuma hanya ce karɓaɓɓiya. In ita ka zaɓa, ka faɗa a babin dabarun bincike, kuma ka ware wurin ajiye duk abin da ya ƙi shiga.

Abu na biyu da ke ɓata min rai shi ne ɗaukar "Koriya" a matsayin abu ɗaya. Magidancin da ya sayi faya-fayen Jumong, shirin tarihi mai kashi 81 da tashar MBC ta nuna daga 2006 zuwa 2007, yaƙi da sarauta da cin amana a fada ne suka zaunar da shi. Me ya haɗa shi da budurwar da ke bin BTS, ƙungiyar da ta fito a 2013, wadda ke kwana tana zaɓe a intanet don mawaƙanta su ci kyauta? Me ya haɗa su biyun da wanda bai taɓa kallon komai na Koriya ba sai Squid Game, da Netflix ta saki a Satumban 2021? Ga masu son man shafawa na Koriya, ga masu gwada taliyar ƙasar mai yaji. In ka zuba su duka a laƙabin "son al'adun Koriya", me ka gano? Kuma don Allah ku riƙa tambayar sunan fim. Mutane da yawa duk fim ɗin gabashin Asiya suna ɗaya suke ba shi, sai ka je dubawa ka tarar na Sin ne ko na Tailan. Abin kunya ne a kawo min dogon sharhi a kan "al'adar Koriya" alhali shirin da aka ba da labarinsa ba na can ba ne.

Hanyar da fim ya iso hannun mutum ita ma laƙabi take buƙata. Wanda ke biyan kuɗin Netflix yana karanta fassarar Turanci a ƙasan allo, da wanda ya je shagon masu tura fim aka loda masa fassarar Hausa a memori, ba abu ɗaya suka kalla ba. Na biyun ya ji barkwancin mai fassara da karin maganarsa, wani lokaci ma wannan ne abin da yake yabawa. Wadda take ganin guntaye kawai a TikTok ita ma daban ce. Haka nan in duk mutanenka a ajin koyon harshe ko gasar rawa ta Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja ka same su, cibiyar da aka buɗe a 2010, to ka sani da masu tsananin sha'awa ka yi hira, kada ka ɗora maganarsu a kan kowa.

Sai masu mayar da tambayoyinsu jigogi. In na buɗe babi na huɗu na ga "Dalilan kallo", "Tasirin kallo", "Ra'ayin iyaye", na san ba a yi nazari ba, jerin tambayoyi aka kwafo aka zuba amsoshi a ƙasa. Kowa yana ambaton masu bincike Braun da Clarke da matakai shida na fitar da jigogi da suka tsara a 2006, amma kaɗan ne ke karanta gargaɗinsu a kan daidai wannan abin. Jigo dole ya faɗi wani abu da za a iya musawa. "Iyaye" batu ne kawai. "Kallo a ɓoye ya fi yawa a gidan da waya ta zama abin sa ido" magana ce da za ka kare da hujja ko ta faɗi.

Kada ka fassara hira zuwa Turanci sannan ka yi kodin a kan fassarar. Ka yi a harshen da aka yi maganar, da duk gaurayensa, ka fassara abin da za ka kafa hujja da shi kawai. Kada kuma ka wanke hirar tas: dariya, da shiru, da sassauta murya in wani ya shigo ɗakin, duk ka rubuta su.

Manhaja irin su NVivo da ATLAS.ti da Taguette ajiya suke yi da tsarawa, tunanin naka ne. Hoton nan na kalmomin da suka fi yawan fitowa ba sakamako ba ne, ku daina manna shi. Mutum takwas cikin goma sha biyu, ka rubuta shi haka, kada ka mayar da shi kashi cikin ɗari. Kowane laƙabi ka rubuta masa ma'anarsa a layi biyu da misali ɗaya, in ba haka ba ma'anarsa za ta riƙa sauyawa a hannunka ba ka sani ba. Ka ajiye ɗan littafin da kake rubuta dalilin haɗa laƙabi biyu ko raba ɗaya, ranar kare aiki shi zai cece ka. Kada ka ce bayanai sun ƙoshi, babu sabon abu, alhali duk waɗanda ka yi hira da su 'yan ɗaki ɗaya ne a hostel. Ka ba wani hira ɗaya ya sa mata laƙabi shi kaɗai, ku zauna a kan inda kuka saɓa.

Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. In ka bar sunan da take amfani da shi a X ko Instagram, ko sunan zauren WhatsApp ɗinsu, ko ka haɗa unguwarsu da sashen da take karatu da mawaƙin da ta fi so a jumla ɗaya, ƙawayenta za su gane ta nan take. Wadda ta gaya maka a ɓoye take kallo, ka goge duk waɗannan tun a rubutacciyar hirar, kafin ka loda ta a manhaja ko ka tura wa mai duba aikinka.