Yadda za ka taimaki wanda ya ga tashin hankali da idonsa

Ba sai harsashi ya taɓa mutum ba kafin abu ya zauna masa a rai. Wanda ya ga hatsari a gabansa, wanda ya taya kwasar gawa irin mutanen Majiya ta jihar Jigawa bayan gobarar tankar mai a 2024, ko uwar da aka kira a waya aka ce 'yan bindiga sun kashe ɗanta, duk abin zai iya bin su. Likitoci suna kiransa PTSD, wato ciwon damuwa da ke biyo bayan tashin hankali.

Fara da lura. Baya iya bacci, in ya samu ya runtsa sai mafarkin abin ya tashe shi cikin gumi, ƙarar salansar babur kaɗai sai ya zabura, ya daina bi ta hanyar da abin ya faru ko da zagaye ne zai yi. Wani kuma shiru kawai zai yi, ko ya dinga faɗa da yara kan abin da bai kai ya kawo ba.

Don Allah kar ka ce masa "ai kai ba abin da ya same ka" ko "rashin tawakkali ne". Wannan maganar ce take sa mutane su haɗiye abin su yi shiru, wasu har su faɗa shan tiramol don su samu bacci. Kar kuma a tasa shi gaba ya maimaita labarin ga duk wanda ya zo jaje. In ya so magana ka saurara, in bai so ba ka zauna kusa da shi kawai.

In abin ya taso masa, kira sunansa a hankali, ce masa "kana gida, ya wuce", ba shi ruwa mai sanyi, ya ja numfashi ya sake a hankali, ya faɗa maka abubuwa biyar da yake gani a ɗakin. Bidiyon abin da ke yawo a WhatsApp kuwa a goge, kar a tura masa.

Yawanci abin yana lafawa cikin 'yan makonni. In ya wuce wata 1 bai sassauta ba, a haɗa addu'a da asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, Dawanau Kano, Kware Sakkwato da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. In ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi ranar, kar a bar shi shi kaɗai.