Yadda Ake Jera Idanun Ferobiskait a Kan Roba Mai Lanƙwasuwa

In kana son haɗa jerin ƙananan idanu masu gano haske a kan roba, kada ka fara shimfiɗa ferobiskait, wato sinadarin da ke mayar da haske wutar lantarki, sannan ka ce za ka yanka shi gida-gida. Hanyar da ake zana silikon tana tafiya da ruwa da sinadaran wanki, shi kuwa ferobiskait ruwa ajalinsa ne. Baƙin fallen sai ya koma rawaya, ya ruɓe ya bar PbI2, wato haɗin dalma da aidin. Robar ake fara zanawa.

Cikin robobi, ni foliyimaid nake zaɓa. Robar PET ta fi barin haske ya ratsa ta, amma tana fara laushi tun wajen digiri 70 zuwa 80, alhali gashin ferobiskait yana son digiri 100 na kamar minti goma. Foliyimaid kuwa tana jure sama da 300. Layukan wuta ka yi su da siririn zinare. ITO, wani sinadari mai ɗaukar wuta da haske ke ratsawa, yana tsagewa in an lanƙwasa, azurfa kuma aidin ɗin da ke cikin ferobiskait na cin ta a hankali.

Ga inda aikin yake. Shafe robar da sinadarin OTS don ta riƙa ƙin jiƙuwa, ka ɗora marfi mai ramuka, ka bi da filasmar oksijin, wato iskar oksijin da aka caja da lantarki, mai share OTS a inda ta taɓa. Inda ramin yake kaɗai ne zai karɓi ruwa. Sai ka narkar da MAI (wani gishiri mai aidin) da PbI2, waɗanda haɗuwarsu ke ba da ferobiskait, a ruwan sinadarin DMF da ɗan DMSO, ka ɗiga, ka juya a injin da ke wulwula robar don ruwan ya bazu. Ruwan da kansa zai taru a gidajen ya bar tsakaninsu fayau. Wannan tazarar ce ke hana wutar wani ido malala cikin maƙwabcinsa ta ɓata hoton, ita ce kuma ke shanye yawancin wahalar lanƙwasa. Duk wannan a cikin akwatin naitirojin, da safar hannu, don dalma guba ce, DMF ma ba abin shaƙa ba ne.

Wajen gwaji, kowa ɗokin kunna fitila yake. A'a, fara auna wutar da kowane ido ke bari ta wuce a duhu. In ta bambanta sosai, hoton zai fito da dabbare-dabbare komai ƙarfin idanun. Bayan nan ka haska wani harafi, ka tuna MAPbI3, wato wannan ferobiskait ɗin, yana ganin haske mai tsawon zango har wajen nanomita 800. Rufe jerin da farilin, wata siririyar roba mai tsare danshi, kafin ka fito da shi iska, sannan ka lanƙwasa shi a kan sanda mai sanannen kauri, ka sake aunawa.