Kafin Ka Liƙa Lambar Asusunka Ranar Zagayowar Haihuwarka

A makon nan kaɗai na ga matasa uku 'yan Gusau sun rubuta a Facebook cewa bana ba sa son kek ko turare, a turo kuɗin a taimaki yaran da ke kwance a asibiti. Allah ya ba da lada. Sai dai duk ukun ramin da na taɓa faɗawa suka nufa, kuma na gaji da bin mutane ɗaya-ɗaya ta waya.

Na farko, asusu. Shekarar da na fara, lambar asusun albashina na liƙa. Alat na shigowa ina murna. Ana cikin haka gawayi ya ƙare a gida na je POS, na sayi kati, albashi ya shigo a kai. Kafin mako ya zagayo kuɗin ya zama gero cikin rairayi. Wata rana a majalisarmu bayan la'asar, wani abokina da ya turo dubu 20 ya ce, "Malam, nawa aka tara ne?" Na buɗe baki na rasa adadin da zan faɗa. Wallahi ban ci ko kwabo ba, amma sai da na sayar da tunkiyata na cike giɓin da ni kaina ban tabbatar akwai shi ba, kuma har yau akwai wanda ba ya amsa saƙona. Yanzu asusu daban nake buɗewa, babu ko sisi a ciki, kuma ƙanwata ma tana ganin duk abin da ya shigo. Kowane dare bayan isha'i ina sa jimla a sitatus. Ka kuma duba matakin asusun: na matakin farko ba ya riƙe fiye da naira dubu 300, kada kuɗin mutane ya riƙa komawa kana barci.

Na biyu ya fi ba ni kunya. Ban taka asibitin ba sai ranar rabo. Na cika Keke Napep da biskit, lemo, balan-balan da motocin wasa. Watan Oktoba ne, ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara har ka ga biyu a gado ɗaya. Wata dattijuwar nas ta dubi kayan, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, yaron can jini yake jira tun safe, uwarsa ba ta da kuɗin gwaji. Waɗancan kuma tamowa ce, madararsu ta musamman ce, biskit ɗinka zai iya cutar da su." Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Don Allah wa ya ce muku mai ciwo balan-balan yake so? Ku je tun kafin ku yi shela. Ku nemi shugabar ɗakin ko ofishin walwalar marasa lafiya, ku tambaya: jini ne, allura ce, ko magungunan masu sikila? Ni yanzu ba na miƙa tsabar kuɗi a cikin ɗaki, don nan take za a yanyame ka, mai kunya ta tashi a tutar babu. Lambar katin yaro nake karɓa, in je wurin biya da kaina, in amso rasit.

Sai hoto. Haba jama'a! Yaro kwance da robar abinci a hanci, uwarsa ta gudo daga ƙauye da zani ɗaya, kai kuma ka tsaya kansa da sabuwar shadda kana murmushi. Da ɗanka ne ka yarda? "Ai ta amince" ba hujja ba ce, wadda ke jiran a biya wa ɗanta magani ba ta iya cewa a'a. Ɗauki hoton rasit da kwalin magani, ka rufe sunan yaron. Wasu na cewa sai da hoto ake tausayawa. Ni dai na daina, kuma masu bayarwa ba su gudu ba.

Sauran ƙanana ne. Faɗi ranar rufewa. Ni kwana 7 nake ba shi. Kada ka kira kanka gidauniya alhali ba ka da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Wanda ya ce a sakaya sunansa, sakaya. Tambayi mai turowa ko zakka ce ko sadaka, don zakka tana da mutanenta. Kada ka yi wa asibiti alƙawarin adadi kafin kuɗi ya shigo hannu.

Kuma ka rubuta komai a littafi da biro. Waɗanda suka ga Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, sun san yadda lissafin da ke intanet kaɗai yake ɓacewa. Nawa littafin mai bangon kwali ne, yana ƙarƙashin katifa, rasit ɗin kowace shekara an maƙale shi da fil.