Darasi na 9: Kiran yaro a tsibirin Kuburus

Da yawanku a wannan aji kuna da ɗa ko ƙane da ke karatu a Kuburus, wanda yara ke kira Saifuros. Tsibiri ne a tekun Bahar Rum, kuma tun 1974 ya rabu biyu. Kudu na da lambar ƙasa tata, +357. Arewa, inda yawancin ɗalibanmu suke, a garuruwa irin su Lefkosha, Girne da Famagusta, tana amfani da lambar Turkiyya, +90. Kafin komai, ku tambayi yaron wane ɓangare yake.

A ɗauko waya. Alamar + ita ce farko. Ba a rasa ta: ɗora yatsa a kan 0, ka danne, kada ka ɗaga sai + ta fito. Wasu ƙananan wayoyi kuma sai an taɓa * sau biyu. In ta ƙi, goge ka sake, babu wanda ke yi maka dariya.

Yanzu wurin da kowa ke tuntuɓe. Yaron zai turo lambarsa ta fara da 0533, ko 0542, ko 0548. Wannan sifilin na gaba na masu kira daga cikin Arewacin tsibirin ne. Kai da ke kira daga waje, jefar da shi. Ka rubuta +90, sai 533, sai sauran lambobi 7.

Duba allonka. Bayan 90, me ya biyo? In 5 ne, madalla. In 0 ne, goge shi.

Ƙirga da yatsa: bayan +90 lambobi 10 ne cif. Ka samu 11? Sifilin nan ne ya laɓe. Cire shi.

Na ga wata Hajiya ta kira sau shida, wata murya tana yi mata Turanci, ta zaci kati ne ya ƙare, har ta aiki jikanta ya sayo wani. Da na karɓi wayar, ga sifilin zaune bayan 90. Haba jama'a! Mako uku ke nan muna kan wannan. Wanda ya sake kawo mini +900533, shi zai share allo. Sifili ba ya tsallaka teku.

Wayar ofis ko ta makaranta a Arewacin Kuburus tana farawa da 0392. Ita ma haka: +90 392, babu sifili.

Darasi na 10: Ajiye lamba

Ajiye ta da +90 ɗinta, in ba haka ba sunan yaron ba zai fito a WhatsApp ba. Lambar Kudu ba ta da sifili tun asali: +357 sai lambobi 8.

Darasi na 11: Lokaci

Agogonsu na gaba da namu da awa 1 ko 2, gwargwadon lokacin shekara. Kada a kira bayan isha sosai.